Gado Mai Rami

Litinin

Zuwa ga ƙanena, Mai Rahoto,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da kujerar ofis. Mu nan da sauƙi, gwiwata ta dama ce kawai ke nan da halinta. Goggo mahaifiyarka lafiyarta ƙalau. Na leƙa ta ranar Juma'a, ta ce in gaishe ka, tunda ita in ta kira sakatarenka ne ke ɗauka ya ce kana taro. Ni ma na gwada sau uku na gaji. Ga shi kuma ba a shiga tanti da waya, shi ya sa na koma takarda. Direban motar magani zai riƙa kawo maka Litinin da Alhamis.

Babana da Goggo kakansu ɗaya, saboda haka ina da bakin da zan gaya maka gaskiya ko da an naɗa ka sakataren kwamitin yaƙi da annoba.

Shekara uku da na yi ritaya, sai ga shi an kira mu tsofaffin nas-nas mu dawo, don amai da gudawar nan ta fi ƙarfin waɗanda ke bakin aiki. Asibitin da ka sani mai gado arba'in ba shi ba ne yanzu. An sallami duk wanda zai iya jinya a gida, an ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, filin ajiye motoci ya zama tantuna huɗu. Ta ƙofa ɗaya ake shiga, ta wata ake fita, kowace da baho na ruwan kulorin da za ka taka. A bakin ƙofa muke raba mutane. Wanda zai iya sha a ba shi ruwan gishiri da sukari a tanti na huɗu. Wanda idonsa ya faɗa, in ka tsunkuli fatar cikinsa ta tsaya a tsaye, tanti na ɗaya, a ɗaura masa ruwa nan take. Ni ke riƙe da na ɗayan, mu biyu a kan mutum talatin.

To, kyautarku ta iso. Gadaje ɗari da sittin na ƙarfe, da katifu masu kauri a cikin leda, har da hannun murɗawa a ɗaga kai. An jera su, an ɗauki hoto, babban likita ya yi ta washe baki kamar gonar auduga. Sannan aka kwashe su aka jibge a tsohon gini. Don Allah, a cikinku masu rataya biro a aljihu, babu ko mutum ɗaya da ya taɓa tsayawa kusa da mai wannan ciwo? Wa ya gaya muku katifa yake buƙata? Gadonsa katako ne da leda a kai, da rami a tsakiya, bokiti ɗaya a ƙasa, ɗaya a gefen kai. Kafintoci biyu muka sa suna ƙera mana a bayan ɗakin wanki.

Abin da nake nema: bokitai ɗari huɗu, ledojin ƙarin ruwa iya yawan da mota za ta ɗauka, tankar ruwa kullum, da nas goma masu hannu biyu da ƙafa biyu, ba sunaye a takarda ba.

Yayarka,
Tsohuwar Sista

*

Laraba

Yaya Sista,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, sai dai aiki da ba ya barin mutum ya yi numfashi. Allah Ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ki shafa mata wani abu, shekaru ne.

Na karanta takardarki, na yi dariya. Har yanzu bakin nan bai yi ritaya ba. Yaya, ke tanti ɗaya kike gani, mu kuwa asibitoci goma sha bakwai ne a gabanmu. An ba mu mako biyu mu ninka yawan gadaje sau biyar, kuma mun ninka. Naku ya tashi daga arba'in zuwa ɗari biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da mai ɗaukar bokiti ba za ta gane ba. Ba zan tsaya gaban manya in ce mun sayo katako mai huda ba, ai sai a ce mun mai da mutane dabbobi. Zamani ya wuce wannan, kuma akwai abin da ake kira mutuncin majinyaci, wanda na san ba a koyar da shi lokacin da kuka yi makaranta.

Maganar bokitai na tura wa ƙaramin kwamitin kayan aiki, zai zauna mako mai zuwa. Nas goma kuwa, in kin san gonar da ake shuka su ki gaya min in aika a girbo.

Ki sa min ido a kan Mama. Ki ce mata ta bar zuwa gaisuwar marasa lafiya da zaman makoki har abin nan ya lafa. Kin san ta, kunnen ƙashi gare ta, amma ke tana jin maganarki.

Ƙaninki

*

Alhamis

Ƙanena,

Gaisuwa. Ina lafiya, da fatan kuna lafiya. A tsaye nake rubutun nan, direba yana jira.

Saƙonka ya makara. An kawo Goggo yau da hantsi. Ta je zaman makoki shekaranjiya, ta sha ruwa a can. Maƙwabta ne suka ɗauko ta, da ƙyar take buɗe ido, muryarta ta shige ciki. Kada hankalinka ya tashi fiye da kima. Na samu jijiya a karo na biyu, ruwa yana shiga, kafin azahar har ta gane ni ta ce na rame.

Na kwantar da ita a tanti na ɗaya, a kan gado mai rami, layin farko, daf da teburina. Mai sayar da gawayi na damanta, matar maigadinmu na hagunta. Wata baiwar Allah na matsar zuwa can cikin tantin don in ba Goggo wurin nan, kuma ban taɓa yi wa kowa haka ba. Ba a barin ɗan'uwa ya zauna da majinyaci, ka sani, ku kuka rubuta dokar, kuma ita kaɗai ce dokarku da na yarda da ita.

Ledojin ƙarin ruwan da ke hannunmu za su kai mu Litinin. In kana son ka yi wa mahaifiyarka wani abu, ka tashi ƙaramin kwamitin nan naka daga barci.

Yayarka

*

Asabar

Yaya Sista,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu lau, ban da abin da takardarki ta yi min. Na ba wani abokin aiki da zai bi ta wajenku ya kawo miki wannan, ba zan iya jiran direba ba.

Sau uku na karanta. Mahaifiyata, a tanti, a filin ajiye motoci, a kan katako mai huda, tsakanin mai gawayi da matar maigadi. Layin farko kuma, inda duk mai shiga da fita zai gan ta a wannan hali. Har kina rubuta min dalla-dalla don in ji zafinsa sosai. Na ji, Yaya. Matar da ko mayafinta bai taɓa zamewa a gaban baƙo ba.

Na san daga inda abin ya taso. Ban samu zuwa ba da mijinki ya rasu, kuma ban sama wa ɗanki aikin da kika nema ba. In fushi kike yi, ni ne abokin fushinki, ba tsohuwar da ta goya ki ba. Gadaje ɗari da sittin na aiko wa asibitin nan da hannuna, a ce uwata ba ta samu ko ɗaya ba? Me zan ce wa mutane in labari ya fita?

Na yi magana da babban likita ta waya. Za a mai da ita ɗaki na musamman a benen tsohon gini, a kan sabon gado. Za a ba ta nas tata ita kaɗai. A rufe mata ƙofa, kada kowa ya faɗa mata ba sallama. Ya ce an gama. Shi ya san aikinsa kuma ya san na gaba da shi. Ke ki ci gaba da bokitanki.

Ƙaninki

*

Litinin

Ƙanena,

Na gaishe ka don haka aka koya min. Ina lafiya. Goggo tana da rai, kuma ka karanta wannan har ƙarshe, kada ka ba sakatare ya taƙaita maka.

Kafin takardarka ta iso an riga an ɗauke ta. Ranar Asabar da yamma babban likita ya shigo tantina, karo na farko tun da aka kafa shi, yana ɗaga ƙafar wando kamar mai tsallaka kwata. Na ce, "Likita, ka san abin da kake yi?" Ya ce, "Sista, daga sama aka ce." Na ce, "Saman nan ƙanena ne, ni na share masa majina." Ya ce, "To ki gaya masa da kanki, ni ina da 'ya'ya." Mutum mai digiri uku, waya ɗaya ta mai da shi ɗan aike.

Mijina da aikin ɗana! Kai a ganinka ina da lokacin tuna wannan, ina tsaye kan mutum talatin da ke tsiyayewa? Tunda karatun naka bai kai nan ba, bari in yi maka bita.

Ciwon nan ba ya kashe mutum da komai sai ƙarewar ruwa. Abin da ya fita, shi muke mayarwa. Bokitin da kake ƙyama shi ne ma'auninmu. Ina duƙawa in leƙa, in ga ya kai nan, in san leda nawa zan ɗaura. Katifa kuwa shanyewa take yi. Mutum zai zubar da rabin jikinsa, ka shigo ka gan shi a kwance tsaf cikin zanen gado, ka ce barci yake. Layin farko daf da teburina shi ne wurin da ya fi kowane daraja a asibitin nan yau, don ko rubutu nake ina ganin ɗigon ruwanta ta wutsiyar ido. In leda ta kusa ƙarewa ban lura ba, mai gawayi zai ce, "Sista, na Inna ya kusa." Haka suke yi wa juna. Labule kuwa na sa mata tun ranar farko, da zanena, ba ka tambaya ba.

Yanzu ga inda ka kai ta. Daga tantina zuwa ɗakin, sai na cire rigar leda, na taka kulorin, na wanke hannu, na tsallaka fili, na hau bene da wannan gwiwa. Minti goma sha biyar zuwa, haka dawowa, kuma duk lokacin da na tafi na bar nas ɗaya da mutum talatin. Nas ɗin da aka yi maka alkawari tana nan a jikin takardar aiki, an rubuta sunanta da kyakkyawan rubutu. Ita kanta tana tanti na uku, tana riƙe da mutum ashirin da biyar, tana leƙa Goggo in ta samu sarari. Ba laifinta ba ne. An ce maka "an gama" don an san abin da kake son ji ke nan.

Jiya sau biyar na hau. Sau ɗaya na tarar ruwan ya tsaya, hannunta ya lanƙwashe ya danne robar. Gudawar ba ta tsaya ba tukuna, kuma ba ta iya riƙe abin da ta sha. Ta ce min, "Ɗakin nan shiru ya yi yawa, ina mai gawayin nan?" Na ce ɗanta ne ya ce a kawo ta nan. Ta ce, "To, tunda shi ya ce."

Ban taɓa roƙonka komai don kaina ba sai sau ɗaya, kuma ka tuna min da shi. Yanzu ina roƙonka. Ka ɗauki wayar nan da ka iya amfani da ita in ka ga dama, ka ce wa babban likita a dawo min da ita. Kwana biyu kawai nake nema, in gudawar ta tsaya ka kai ta duk ɗakin da kake so, ka shimfiɗa mata katifa uku. Na hana kowa hawa gadonta, amma ba zan iya riƙe shi fiye da gobe ba.

Yayarka

*

Laraba

Yaya Sista,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Yaran suna gaishe ki, suna tambayar jikin kakarsu.

Doguwar takardarki ta same ni jiya muna tsakiyar shirya rahoton mako. Na duba shafin farko, na ga har yanzu faɗa ne da darasin bokiti, na ajiye sai na samu natsuwa. Ba na riƙe ki da komai, na san gajiya ce. In abin nan ya wuce zan sa a saka sunanki cikin waɗanda za a ba takardar yabo.

Na kira babban likita jiya da safe, ya ce Mama tana hutawa, ɗakin tsaf, nas na kula da ita. Hankalina ya kwanta. Kin gani, in mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, komai yana da sauƙi. An kuma yaba wa asibitinku a taro, ku ne na farko da kuka cika gado ɗari biyu. An amince da bokitanki ma, ɗari da hamsin, kada ki ce ban yi miki komai ba.

Zan shigo ƙarshen mako in Allah Ya so. Kafin nan ki rubuto min abin da ta ce da ta ga ɗakin. Na san ta, ba za ta nuna ba, amma ta ji daɗi. Ki gaya min ko ta sa min albarka.

Ƙaninki

*

Alhamis

Ƙanena,

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya gafarta mata, Ya sa ta huta. Allah Ya ba mu haƙuri. Ni lafiyata ƙalau, in kana son sani.

Na san babban likita ya kira ka jiya da yamma, kuma na san abin da ya ce: wa'adi ne, an yi iya ƙoƙari. Wa'adi ne, ban musa ba. Amma takardarka ta iso yau da safe tana tambaya, saboda haka zan ba ka amsa.

Ranar Talata na ba da gadonta. Wata mai ciki aka kawo, ba zan bar ta a ƙasa ba.

Jiya da ƙarfe tara na safe na hau na duba Goggo. Na ɗaura mata sabuwar leda, na miƙe mata hannu, na ɗaure shi da bandeji a jikin ƙarfen gado don kada ya lanƙwashe. Na danna katifar na ji ta jiƙe, amma nawa ta sha, Allah kaɗai Ya sani. Na ce mata zan dawo kafin sha ɗaya. Na bar ƙofar a buɗe, kamar yadda nake yi kullum, kuma kamar kullum mai shara ta ja ta bayan na sauka, don an liƙa takarda a jiki cewa a riƙa rufewa, da sa hannun babban likita.

Da goma da rabi motoci suka fara shigowa. Bututun ruwa ne ya fashe cikin kwata a wata unguwa. Mutum arba'in da ɗaya cikin awa uku, wasu a bayan akori-kura, wasu a kafaɗa. Muka shimfiɗa leda a ƙasa tsakanin gadaje, muka rataya ruwa a jikin igiyar tanti. Na ɗaura wa mutum goma sha tara da hannuna, yara bakwai a ciki, jijiyarsu kamar zare. Nas ɗin Goggo tana can tantinta cikin irin wannan. Na aika mata, ta aiko min, kowaccenmu na zaton ɗayar ta hau. Na duba agogo sau biyu, na ce bari in gama da wannan ɗaya. Wannan laifin nawa ne, zan ɗauke shi har kabarina, ba sai ka tuna min ba.

Ƙarfe biyu saura na hau. Ledar ta bushe ƙaƙas. Tana kwance tsaf, mayafinta a kanta, fuskarta na kallon ƙofa. Jikinta bai gama sanyi ba.

A cikin arba'in da ɗayan nan da suka kwanta a ƙasa, biyu muka rasa. Mai gawayi an sallame shi yau, da ƙafarsa ya fita. Ya tambaye ni Inna, na ce ta tafi gida.

Ni na yi mata wanka, ni da wata tsohuwar nas, yadda dokar annoba ta ce. Ba a jira da gawar wannan ciwo, an kai ta jiya kafin magariba. Maƙwabta sun cika layi. Katifar an ƙone ta. Kada ka saka sunana a takardar yabonku, kuma in ka zo kada ka neme ni a tanti, ba ni da minti goma sha biyar.

Ka tambayi abin da ta ce da ta ga ɗakin, wannan yana shafi na biyu na takardar da ka ajiye. Ka tambaya ko ta sa maka albarka. Daga ƙarfe tara zuwa biyu saura tana da sauran murya, kuma Goggo ba mai mutuwa ba ce ba ta kira sunan kowa ba. Wataƙila ta sa maka. Na tambayi mai shara, na tambayi masu gadi, na tambayi duk wanda ya bi ta benen. Babu wanda ya ji komai, ƙofar a rufe take.

Yayarka